Shirin gudun fanfalaki na Legas ya ci karo da hutun iyali a tsaunin Mambila: yaya zan tsara?

Mai Gudun Asuba, Kano

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan harka, musamman waɗanda suke haɗa gudu da ɗawainiyar iyali. Na yi rajistar gudun fanfalaki na Legas, wanda aka saba yi a watan Fabrairu, kilomita 42 da ɗoriya, kuma burina in kammala shi kafin awa huɗu ta cika. Tun farkon Oktoba nake bin jadawali, ina gudu sau biyar a mako, jimilla tsakanin kilomita 55 da 65, dogon gudu kuma ranar Asabar, wanda yanzu ya kai kilomita 26. Bisa jadawalin, a makonni biyu na ƙarshen Disamba ne zan hau zuwa kilomita 30, sannan 32, wato su ne makonnin da suka fi kowanne nauyi a shirin gaba ɗaya.

To, a daidai waɗannan makonnin ne yara suke hutun makaranta, kuma tun bara na yi wa uwargida alkawarin za mu je Gembu a jihar Taraba, inda yayanta yake zaune da iyalinsa, ya daɗe yana gayyatarmu muna ɗagawa. Kwana goma za mu yi a can, ban da kwanakin hanya. Yaranmu uku, babbar tana da shekara 11, autan kuma 4, kuma tun yanzu sun fara ƙirga kwanaki.

Ta fuskar jiki, ina so in san ko tsayin wurin zai amfane ni ko zai mayar da ni baya. Wani abokin guduna ya ce in ɗauki tafiyar a matsayin sansanin horo na kyauta, tunda a kan tuddai ne 'yan Kenya da Habasha suke samun ƙarfinsu. Wani kuma ya ce idan na rage gudu na kwana goma a wannan gaɓar, to in cire rai da awa huɗu. Ta fuskar gida kuwa, uwargida ta daɗe tana haƙuri da ranar Asabar, wadda nake fita tun da duhu in dawo in kwanta har la'asar, kuma ba na so hutun da ta jima tana jira ya koma haka. Ina tsoron kada in tashi tauna taura biyu, in rasa gudun, in kuma ɓata wa iyali hutunsu. Wanda ya san wurin, ko ya san ilimin horon, ya taimaka mini.

Mai Horarwa, Jos

Wa alaikumus salam, Malam. Abokanka biyun kowannensu ya riƙe wani gefe na gaskiya, sai dai duk sun wuce gona da iri.

Bari in fara da mai maganar sansanin horo. Tsaunin Mambila yana kan tsayin kusan mita 1,600 daga doron teku, Kano kuwa ba ta kai mita 500 ba, saboda haka abin da za ka hau ya ɗan haura mita 1,000. Iskar can tana ɗauke da oksijin kashi 21 cikin 100 kamar ta ko'ina, amma nauyinta ya ragu, don haka kowane numfashi yana kai wa jini ƙasa da abin da ya saba samu. A wurin masu gudun da suka horu, iyakar oksijin da jiki ke iya sarrafawa tana raguwa da kusan kashi 6 cikin 100 a kowace mita 1,000 da aka hau. Ke nan saurin da kake yi kana hira da abokinka a titin Kano zai sa ka haki a Gembu, tun kafin a sa hawa da gangara a lissafi. Idan ka ga agogonka ya nuna ka yi sanyi, kada hankalinka ya tashi, wurin ne ya jawo haka.

Amma ribar da ake zuwa nema a tudu, wato ƙaruwar jajayen ƙwayoyin jini, ba ta samuwa a kwana goma, balle a wannan tsayin. A binciken Levine da Stray-Gundersen na shekarar 1997 a Amurka, wanda masu horarwa da yawa suke dogara da shi, mako huɗu 'yan gudun suka zauna a tsayin mita 2,500. Garin Iten na Kenya yana kan kusan mita 2,400, Bekoji ta Habasha ta ma fi shi tsayi, kuma waɗanda suke fitowa daga can yawancinsu a nan aka haife su, ko kuma suna shafe watanni a sansani. Mu ma a nan Filato, inda Jos take kan kusan mita 1,200, a ganina abin da ya ɗaga yaran Pankshin a gudun dogon zango shi ne shekarun da suka yi suna hawan duwatsu da ƙafa, fiye da ƙarancin iska. Don haka ka cire batun sansani daga ranka, kada ya zama dalilin da za ka takura wa iyali a kan ribar da ba za ta zo ba.

Mai tsoratar da kai kuma ya manta cewa ragewa daban take da dainawa. A binciken Coyle na 1984, 'yan wasan da suka daina horo ɗungum sun yi asarar kusan kashi 7 cikin 100 na ƙarfin sarrafa oksijin a cikin mako uku. Amma wani mai binciken, Hickson, a farkon shekarun 1980, ya nuna cewa idan aka rage yawan kwanakin horo ko tsawonsa, har da kashi biyu cikin uku, aka bar zafinsa, wato ƙarfi da saurin da ake yin sa, yadda yake, wannan ƙarfin yana nan har mako 15, ko da yake juriyar dogon zango ta ɗan ja baya ga waɗanda suka fi rage tsawon. Abin da ya fi saurin zubar da horo shi ne a cire masa zafi gaba ɗaya. Kai kuwa mako biyu kake magana.

Ga abin da zan ce maka da kai ɗalibina ne. Kowane jadawali mai kyau yana da makon sassauci bayan makonni uku ko huɗu masu nauyi, to ka matsar da naka ya faɗa a kan hutun. Ka yi kilomita 30 ɗin kwana biyu ko uku kafin ku kama hanya, ka ajiye 32 ɗin zuwa farkon Janairu, tunda har a lokacin kana da sauran kusan mako biyar, kuma dogon gudu na ƙarshe ana yin sa ne saura mako uku a shiga gasa. A Gembu ka daina ƙirga kilomita, ka koma ƙirga mintuna. Kwana biyu na farko tafiya ta wadatar. Daga nan ka riƙa gudu rana ɗaya kana hutawa ɗaya, minti 45 zuwa awa guda, sau ɗaya ko biyu ka samu tudu mai sauƙin hawa ka hau shi da ƙarfi na minti ɗaya ko biyu, ka sauko da tafiya, ka maimaita sau shida zuwa takwas.

Abin da nake ji maka shi ne gangara. Mutumin Kano bai saba da ita ba, kuma tana da daɗi, sai ka saki jiki kana jin kamar an ƙara maka ƙarfi, alhali naman cinya ne yake aikin birki a kowane taku. Tsamin ba ya bayyana nan take, sai a kwana na biyu, lokacin da za ka ga zaman tahiya ma ya zama aiki. Ka gajarta taku, wuri mai tsananin gangara kuma ka taka shi da ƙafa.

Kuma kada tsauni ya ɗauke maka hankali daga ainihin abin da ke jiranka. Legas a Fabrairu zafi ne da laima, kai kuwa za ka fito daga sanyin Mambila ka faɗa cikin hunturun Kano mai busar da leɓe. Jiki yana buƙatar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da gudu cikin zafi, don haka a makonnin ƙarshe ka mayar da wasu gudun masu sauƙi zuwa lokacin da rana ta ɗaga. Wannan zai fi shafar awa huɗunka a kan duk abin da za ka yi ko ka bari a Gembu.

Ɗan Gembu Mazaunin Yola

Malam, sai mu ce maraba tun kafin ka iso. Ni ba ɗan gasa ba ne, amma a can na tashi, don haka zan tsaya a kan abin da ido ya gani.

Da farko ka sa hanya a lissafi da kyau. Daga Kano da ƙananan yara tafiyar kwana biyu ce, yawanci a kwana a Jalingo, washegari a bi ta Bali da Serti har Mayo Selbe, inda ake fara hawan dutsen. Titin hawan kwana-kwana ne, gefe guda dutse, gefe guda rami, yara kan yi jiri da amai, don haka kada a cika musu ciki a Serti, kuma a yi ƙoƙari a hau da sauran rana, a duba birki tun daga gida. Bayan an hau sai Maisamari, sai Nguroje, sannan Gembu. Duk wanda ya tuƙa wannan tafiyar zai sauka da ƙugu a riƙe, shi ya sa na goyi bayan mai horarwa a kan hutun kwana biyu na farko.

Shimfiɗaɗɗen titi irin na Kano babu shi. Garin kansa a jikin tuddai yake, yana gangarawa wajen kogin Donga, duk inda ka nufa ko kana hawa ko kana sauka. Gari kan waye da misalin ƙarfe shida, kuma ban ba ka shawarar fita kafin nan ba, ko da tocila, domin hazo kan kwanta a kwari da asuba, masu babur kuma ba sa tsammanin haɗuwa da mutum yana gudu a kan kwana. Bayan sallar asuba ka sha shayi, ka jira haske. Sanyin safiya a Disamba yana shiga ƙashi, Nguroje ma ta fi, saboda haka ka zo da rigar sanyi mara nauyi, da hula, da safar hannu. Dogon wando kuma zai yi maka amfani biyu, tunda a gidan surukai kake, kuma cikin ƙauyuka za ka bi. Lokacin ne kuma ake ƙona ciyawa, ranar da ka ga hayaƙi ya cika wani gefen ka sauya hanya.

Ka roƙi yayan uwargidan ya haɗa ka da wani matashi daga masu ƙwallo ya raka ka a fita ta farko da ta biyu. Tuddan suna kama da juna ga baƙo, layin waya yana ɗaukewa a kwari, iyakar Kamaru kuma ba nisa. Idan ka haɗu da garken shanu ka daina gudu, ka ratse ka wuce a hankali, musamman idan akwai saniya mai sabon maraƙi, haka ma karnuka a bakin ruga. Abin da na fi so ka riƙe shi ne kada ka tsallake shingen waya ko ka ratsa gona don gajarta hanya, komai kyan ciyawar. Maganar fili a Mambila ba abin wasa ba ce, kuma baƙon da ya tsaya ya yi gaisuwa ba ya rasa mai nuna masa hanya.

Wuraren da za ka kai iyali su ma motsa jiki ne. Gonakin shayi na Kakara yini guda ne mai daɗi ga yara, akwai dajin Ngel Nyaki kusa da Yelwa, akwai kuma tsallaka kogin da kwalekwale. Mutumin da ya ɗauki yaro ɗan shekara 4 a wuya ya hau tudu da shi ya san ya yi aiki. Chappal Waddi kuwa, dutsen da ya fi kowanne tsayi a Najeriya, mita 2,419, a cikin gandun Gashaka Gumti yake, tafiyar kwanaki ce da ɗan jagora, kuma na san zuciyar mai gudu za ta raya maka shi. Ka bar shi sai wata tafiyar da ba ka tare da yara.

Ɗan Fanfalaki, Abuja

Ina girmama bayanin mai horarwa, amma ban gamsu da a bar dogon gudu gaba ɗaya ba. Kwana goma da kwana huɗu na hanya mako biyu ke nan cif, idan ka ƙara kwanakin da ya ce a bari kafin tafiya da na warware gajiya bayan dawowa, sai ka ga kusan mako uku tsakanin dogon gudu da wani, a tsakiyar shiri, ga mutumin da bai taɓa wuce kilomita 26 ba. Binciken da ya kawo a kan ƙarfin sarrafa oksijin yake, amma abin da ke kayar da sabon ɗan fanfalaki shi ne ƙafa da ciki da zuciya bayan awa uku a tsaye. A shekarun baya, an saba tashi ne daga babban filin wasa na Surulere, a hau gadar Third Mainland mai kusan kilomita 12, a bi ta Ikoyi da Lekki a ƙare a Eko Atlantic. A lokacin, da sassafe ake haye gadar, kowa yana murmushi. Wajen kilomita 30 zuwa 35, bayan rana ta fito sosai, a nan ne za ka ga manyan maza zaune a bakin titi, kuma awa huɗu tana buƙatar ka riƙe minti 5 da daƙiƙa 40 a kowace kilomita har a wannan wurin.

Shawarata ita ce ka nemi safiya guda a tsakiyar hutun, ka yi awa biyu da rabi a hankali, kana taka tudu mai tsanani da ƙafa, wani ya biyo ka a babur da ruwa da ayaba ko dabino. Tudu ba abin tsoro ba ne ga mai shirin gasa. Tseren dutsen Obudu da aka fara a 2005 kusan kilomita 11 ne na hawa zalla, kuma manyan 'yan gudun Gabashin Afirka sun riƙa zuwa dominsa. Safiya guda cikin goma ba za ta rushe hutu ba.

Uwargidan Mai Gudu, Kaduna

Malam, ka yi haƙuri in sa baki, ko da yake ban taɓa gudun da ya wuce na kamo yaro a tsakar gida ba. Maigidana ɗan wannan harka ne, don haka na san gefen da mazan da suka amsa maka ba su taɓo ba.

Ku kuna ƙirga awannin da kuke kan titi, mu kuma muna ƙirga waɗanda suke biyo baya. Mutum ya dawo daga dogon gudu, ya yi wanka, ya ci abinci, ya miƙe ƙafa a kan kujera, yaro ya taho da gudu zai hau cinyarsa, sai ka ji, "A'a, kada ka taɓa mini nan." Daga nan sai waya, ana duba taswirar hanyar da aka bi da bugun zuciya, ana aika wa abokai. Jikinsa yana ɗakin, amma har la'asar ba a samu mutumin ba. Shi ya sa nake ce wa ɗan'uwanmu na Abuja, cikin girmamawa, safiyar da yake kira guda ɗaya, a wurin matar yini ne, idan kuma tsamin cinyar da mai horarwa ya ambata ya zo, ta zama kwana uku.

Ka kuma tuna cewa hutu ga mace mai yara uku aiki ne da ya sauya wuri. A gidan yayanta take, amma ɗakin girkin na wata ce, ba ta san inda komai yake ba, ga sanyi, sai an ɗora ruwa kafin a yi wa kowane yaro wanka, autan kuma zai farka a baƙon wuri yana neman wanda ya sani. Lokacin da za ka fita shi ne lokacin da aka fi buƙatar hannu biyu. Bugu da ƙari, 'yan'uwa za su riƙa shigowa gaisuwa da hantsi, ita ce kuma za ta riƙa cewa, "Ai ya ɗan fita motsa jiki," kowace rana.

Ban ce ka bari ba, domin na san yadda maigidana yake zama idan ya kwana biyu bai yi gudu ba, mu ne muke ji a jikinmu. Abin da nake so shi ne ka zauna da ita tun a Kano, ku biyu, ka faɗa mata yawan safiyar da kake buƙata da tsawon kowace, ka bar ta ta zaɓi ranakun. Kada ka tayar da maganar a gaban yayanta ko matarsa, inda kunya za ta sa ta ce babu komai alhali akwai. Idan ka ce ƙarfe bakwai da rabi za ka dawo, to ya zama ta gan ka a lokacin, domin "saura tudu ɗaya" ita ce take cinye amana. Kayan gudu da takalmi ka shirya su tun da dare a wajen ɗaki, kada ƙarar agogo da neman safa su tayar da yara, ka fice ka bar ta da su. Duk awar da ka ɗauka kuma ka mayar mata da irinta a ranar, ka kwashi yaran ku fita, ta samu ta zauna da matar yayanta su yi hira, ko ta yi barci.

Idan dole sai ka yi dogon gudun nan, ita za ta ce ga ranar, kuma ka sani washegari babu hutu a gare ka, ko Kakara aka ce za a je, kai ne mai goyo. Babbar 'yarka kuma ta isa ta tarye ka a kusa da gida ku taka mintuna goma na ƙarshe tare. Tamu har yau tana tuna irin wannan fiye da lambar da mahaifinta ya rataya a bango.

Ma'aikaciyar Lafiya, Bauchi

Zan ƙara abu kaɗan ta fuskar lafiya. Ciwon da ake samu saboda hawa tsauni yawanci sai an haura mita 2,500 yake bayyana, don haka a Gembu abin da za a iya gani bai wuce ɗan ciwon kai da rashin barci mai nauyi a daren farko ko na biyu ba. Abin da na fi damuwa da shi shi ne rukunin jini. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana da AS, kuma yawancinsu suna rayuwa lafiya, amma idan aka haɗa tsayin wuri da gudu mai zafi da ƙarancin ruwa a jiki, akwai haɗari, musamman ga saifa. Mai AS ya hau horo sannu a hankali, idan kuma ya ji ciwo a gefen hagu na ciki ƙarƙashin haƙarƙari, ko kasala da ciwon gaɓɓai da ba a saba ba, ya tsaya nan take a kai shi asibiti. Idan a cikin yara akwai mai sikila, a ga likitansa kafin a tsayar da ranar tafiya, domin sanyi da bushewar jiki suna tayar da ciwon.

Sanyi yana ɓoye ƙishirwa, busasshiyar iska kuma tana ɗebe ruwa ta numfashi, don haka ka sha ko ba ka ji ƙishi ba, ka riƙa lura da launin fitsari. Kada a shigar da kaskon gawayi ɗakin kwana a rufe ƙofa saboda ɗumi, hayaƙinsa marar wari yana kisa cikin barci. Sauro ya yi ƙaranci a saman tsaunin amma bai ƙare ba, kuma za ku kwana a ƙasa a kan hanya, a tafi da gidan sauro. Duk ranar da ka tashi da zazzaɓi, ko mura ta sauka ƙirji, babu gudu, komai abin da jadawali ya ce.

Mai Gudun Asuba, Kano

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Hajiya, na bi shawararki, daren jiya bayan yara sun yi barci muka zauna da uwargida. Ta amince da safiya huɗu, kowace kada ta wuce awa guda, ta kuma zaɓi ranakun da kanta, ta ware ranar Juma'a da ranar da za a je Kakara. Dogon gudun da ɗan'uwana na Abuja ya kawo na gabatar mata da shi yadda yake, ta ce awa ɗaya da rabi za ta iya bayarwa sau ɗaya, da sharaɗin a ranar ni zan yi wa yara wankan yamma, na kuma karɓa. Ni AA ne, haka ma yaran, an duba mu tun tuni.

Saura tambaya ɗaya ga mai horarwa. Bisa lissafi, ranar Alhamis da dare za mu shigo Kano. Shin in yi kilomita 32 ɗin ranar Asabar ɗin da ke biye don in rage tazarar, ko in jira?

Mai Horarwa, Jos

Ka jira. Bayan kwana biyu a bayan sitiyari, ƙugu da bayan cinya suna ɗaurewa, kuma a irin wannan yanayin ne ake samun raunin da ke cinye mako uku. Ranar Juma'a ka yi minti 30 a hankali, Asabar ka huta ko ka maimaita, Lahadi ka yi kilomita 20 zuwa 22, sannan 32 ɗin ya zo a Asabar ta gaba. Maganar ɗan'uwanmu na Abuja a kan tazara tana da tushe, amma awa ɗaya da rabi a tuddan Gembu tare da wannan gudun na Lahadi sun isa su cike gurbin.

Wataƙila a kwanakin farko bayan saukowa ka ji numfashi ya yi maka sauƙi, ƙafa tana neman sauri. Kada ka biye mata a dogon gudun, ka bar saurin gasa zuwa kilomita 8 ko 10 na ƙarshe. A gudun nan na 32 ne kuma za ka gwada duk abin da za ka ci ka sha a Legas, da takalmin da safar da za ka saka, kuma ka fara shi a makare kaɗan yadda awar ƙarshe za ta same ka cikin rana.